Daga Solem zuwa San Galen da littafin Baba a jaka

Jirgin ƙasa ya ajiye mu a tashar Sablé da azahar, ranar Asabar, jajibirin Lahadin farko na makonnin da muke jiran Kirsimeti. Daga nan zuwa ƙauyen Solem, wanda Faransawa ke rubutawa Solesmes, kilomita uku ne ko kusa da haka. Fada, abokin tafiyata, ya ce mu nemi tasi, na ce masa mu taka da ƙafa. Na fi shekara talatin ina ganin sunan garin nan a shafin farko na littafina, ina so in gan shi yana matsowa a hankali.

Sanyin can jiƙaƙƙe ne, ba ya fasa leɓe kamar hunturunmu, sai dai ya bi ta cikin riga ya nemi ƙashi. Muka bi gefen kogin Sarthe, ruwan ya yi duhu, da ƙyar kake ganin motsinsa. Can sai ga gidan 'yan zuhudun ya taso daga bakin ruwa, katangar dutse doguwa kamar ganuwa, tagogi a jere can sama. Tun shekarar 1010 aka kafa gidan. Juyin juya halin Faransa ya watsa mazaunansa, har sai 1833 da wani matashin firist, Prosper Guéranger, ya sayi kangon ya dawo da rayuwar zuhudu a cikinsa. Daga wannan gida ne aka faro aikin farfaɗo da tsohuwar waƙar Latin ta cocin Katolika, wadda ake kira waƙar Giregori.

Littafin yana cikin jakata, naɗe a tsohon ɗankwalin mahaifiyata. Sunansa Liber Usualis, shafi kusan dubu biyu, takarda sirara har kana hango rubutun bayanta, bugun birnin Tournai na Beljiyam. Wani Fada ɗan Ayalan ne ya bar wa Babana shi lokacin da zai koma gida, Baba kuwa katikis ne. Gara ta ci gefen bangon, shafukan Ista sun yi baƙi da dattin yatsa. A cikinsa na koyi karanta layi huɗu da baƙaƙen ɗigogi masu kusurwa huɗu, da shi kuma na koyar da kwayar cocinmu tun ina saurayi. Ina riƙe da 'yar sanda ina buga benci, ɗaya-biyu, ɗaya-biyu-uku, daidai inda ƙananan tsayayyun layuka suke a ƙarƙashin ɗigogin. Idan wani ya kauce sai in ɗaga littafin in ce, haka Paparoma Giregori ya bar mana, ba a ƙarawa, ba a ragewa. Da zuciya ɗaya nake faɗa, don haka na ji daga bakin Baba.

Fadan da muke tafiyar nan tare yana cikin yaran da suka ji wannan magana daga bakina. Shi ke riƙe mini fitila idan muna gwaji da dare. Yanzu yana ƙarin karatu a Paris, shi ya yi ta faɗi-tashi har takardun tafiyata suka fito. Har yau Malam yake ce mini, ni kuwa tun ranar da aka naɗa shi ban sake kiran sunansa ba.

Ƙarfe biyar aka buga ƙararrawar addu'ar yamma. Muka zauna a ɓangaren baƙi, 'yan zuhudu suka shigo biyu-biyu cikin baƙaƙen riguna masu faɗin hannu, suka rusuna wa bagadi, suka rusuna wa juna, kowa ya nufi mazauninsa. Na buɗe littafina tun kafin su fara, na ɗora yatsa a kan waƙar yabon da na san za a yi, wadda na haddace tun ina ɗan shekara goma sha biyu: Creator alme siderum. Da lokacinta ya yi na ja numfashi, leɓena ya riga ya shirya kalmar farko. Sai na ji sun ce Conditor. Na ɗauka kunnena ne. Layi na biyu ya zo daidai da nawa, hankalina ya ɗan kwanta. A layi na uku littafina ya ce Jesu, su suka ce Christe. Na huɗu kuwa gaba ɗaya daban: ni ina da intende votis supplicum, su suna rera exaudi preces supplicum. Na rufe littafin a kan yatsana na zauna ina saurare, gabana yana faɗuwa. Mutanen da sunansu ke bangon littafina ne suke rera abin da ba ya cikinsa.

Da muka fito na riƙo hannun Fada na ce, "Fada, ko dai nawa ne jabu?"

Ya ce, "Malam, naka na gaskiya ne. Nasu ne dai ya girme shi."

Muna tafe zuwa masaukin baƙi ya warware mini. Paparoma Urban na Takwas mutum ne mai son waƙen Latin irin na Romawan farko, shi kansa yana rubutawa. A kunnensa tsofaffin waƙoƙin yabo na coci suna da karyayyen ma'auni. Ya sa malamai huɗu 'yan Jesuit suka bi su suna gyarawa, gyara sama da 900, aka buga a 1632. Wannan gyararren ne ya shiga littafin da firistoci ke amfani da shi a ko'ina, shi ya zo har hannun Baba. 'Yan zuhudun Benedikt, irin na Solem, ba su karɓa ba, suka ci gaba da na kakanni. Bayan babban taron Vatican na biyu aka mayar da tsofaffin kalmomin ga kowa, Solem ta buga su da karinsu a 1983. Labarin bai iso ƙauyenmu ba.

Mun ci abincin dare shiru, wani ɗan zuhudu yana karatu daga kan mumbari. Ban san abin da na ci ba. Abin da ke kaina shi ne, idan kalmomi ma an taɓa su, ina ga kari?

Amsar ta fara zuwa washegari a Misar ƙarfe goma. Suka ɗauko Ad te levavi, sannan bayan karatu na farko Universi qui te exspectant, waƙoƙin da na koyar sau da yawa. Hawa da saukar muryar su ne waɗanda na sani. Tafiyar ce daban. Na sa yatsa a gwiwa ina ƙirga biyu da uku kamar yadda na saba, ƙirgen ya ƙi zama. Wani wuri su wuce da sauri kamar ruwa a gangare, wani wuri su daɗe a kan ɗigon da littafina bai ba shi wata alama ba. Kalmar ce ke jan su. Inda maganar ke da nauyi nan muryar ke zama, kamar yadda dattijo ke yi idan yana ba da labarin da ya shafe shi.

Bayan Misa muka shiga shagon littattafai na bakin ƙofa. A nan muka haɗu da wani tsoho, baƙo kamarmu, wanda ya ce ya yi shekara arba'in yana koyar da kwaya a garinsu. Ya ga Liber a hannuna ya yi murmushi, ya shafa bangon kamar wanda ya ga ɗan garinsu. Fada ya gaya masa abin da ke damuna. Bai ce komai ba, ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko wani littafi, Graduale Triplex, wanda Solem ta buga a 1979, ya ja mu zuwa wani benci kusa da taga.

Kowane layi na littafin nan hawa uku ne. A tsakiya ɗigogina ne masu kusurwa huɗu, yadda na san su. A samansu wasu ƙananan alamu da baƙin tawada, an kwafo su daga wani littafin hannu na birnin Laon, na wajen shekarar 930. A ƙasa kuma wasu da jan tawada, daga littattafan San Galen da Einsiedeln na ƙasar Suwizalan, su ma na ƙarni na goma. Suna kama da wasullan da ake ɗora wa ajami: ƙugiya, waƙafi, ɗigo, karkataccen layi. Ana kiransu niyum.

Tsohon ya ɗora farcensa a kan ɗigo biyu, ɗaya bisa ɗaya, murya ta tashi daga ƙasa zuwa sama. Ya nuna wani irinsa a layi na gaba. A bugun ɗab'i babu bambanci ko na ƙwayar gero tsakaninsu. Sannan ya sauke farcen zuwa jan rubutun. Ƙarƙashin na farko alamar tana da zagayayyen gindi kamar ƙugiyar kamun kifi, alƙalami ya yi ta a shafa ɗaya. Ƙarƙashin na biyu tana da kusurwa, kamar alamar da malamin makaranta ke bugawa da jan biro idan yaro ya ci lissafi. Ya rera mini su. Mai zagaye ta wuce fyu, mara nauyi. Mai kusurwa ya taka ta da ƙarfi, kowace murya da cikarta. Hannun marubucin da ya tsaya ya karya alƙalami, shi ne muryar da ta tsaya. Na karɓi littafin na bi shafin da idona, sai na ga abin ko'ina. Wuraren da na shekara talatin ina rera su tsawo ɗaya, marubucin ƙarni na goma ya bambanta su ɗaya bayan ɗaya.

Ya buɗe wani wuri, ɗigo uku masu hawa, wanda ake kira salikus. Wannan na san shi sarai. Littafina ya sa ɗan tsayayyen layi ƙarƙashin na tsakiya, ƙa'idar da ke gabatarwar littafin kuma ta ce a ja shi. Na sha tsayar da kwaya a kan wannan. Tsohon ya ce wani ɗan gidan nan, Eugène Cardine, wanda ya daɗe yana koyarwa a Roma, ya bi alamar a littattafan hannu wuri bayan wuri, ya nuna cewa ta tsakiyar turawa take yi zuwa ta uku, nauyin yana can sama. Kamar mai tsallake kwata ne, dutsen da ya taka a tsakiya ba wurin zama ba ne, hankalinsa yana inda zai dira. Littafin Cardine a kan wannan ilimi ya fito a 1968.

Sai na yi tambayar da nake tsoro. Na buɗe Liber na nuna ƙananan tsayayyun layukan da nake buga sanda a kansu, na ce Fada ya tambayar mini tsohon, ina suke a cikin jan rubutun, ina suke a cikin baƙin?

Tsohon ya girgiza kai. Babu su a ko ɗaya. André Mocquereau ne, shugaban mawaƙan Solem a farkon ƙarni na ashirin, ya ƙirƙiro su, bisa fahimtarsa cewa kowace waƙa tana tafiya ne a ƙungiyoyin biyu da uku. Ɗigon da ake sawa a gefe don a ninka tsawo shi ma na masu bugawa ne. Kwantaccen layin da ke saman wasu ɗigogi yana da asali a littattafan hannu, amma an sa shi wani wuri an bar wani wuri. Hatta layukan da ke raba jimla, inda muke shan numfashi, babu su a tsofaffin littattafan fata. Bugun Vatican na ainihi ma bai ɗauki alamomin Mocquereau ba, izini aka ba Solem ta ƙara su a nata bugun. Sababbin littattafan addu'ar yini da gidan ya fara fitarwa a 2005 sun ajiye tsayayyen layin.

Ban ji haushin Mocquereau ba, kuma har yanzu ba na ji. Ba don ƙirgensa ba, da yaran ƙauye irina, waɗanda ba su taɓa jin ɗan zuhudu yana waƙa ba, ba su sami abin kamawa ba. Da wannan biyu da ukun mutum arba'in suka iya buɗe baki tare su rufe tare. Kuma idan ka san halin da ya tarar da waƙar, za ka ɗaga masa hula.

Ga yadda abin yake. A 1577 Paparoma Giregori na Goma Sha Uku ya ba masu tsara waƙa biyu, Palestrina da Annibale Zoilo, aikin gyara littattafan waƙa. Aikin bai kammala a hannunsu ba. Wasu biyu, Felice Anerio da Francesco Soriano, suka fitar da nasu a maɗaba'ar Medici ta Roma a 1614 da 1615. Masu ilimin wancan zamani suna ganin jan murya mai tsawo a kan gaɓa ɗaya kauyanci ne, musamman idan gaɓar ba ita ke ɗauke da nauyin kalmar ba. Sai suka sa almakashi. Inda tsofaffi ke da murya talatin ko arba'in a kan gaɓa guda, suka rage kaɗan, wasu kuma suka ɗauke su suka mayar kan wata gaɓar. Wannan jan muryar kuwa shi ne ran waƙar. Shi ne abin da ke biyo ƙarshen Alleluia, wanda Waliyyi Agustin ya kwatanta da murnar da ta fi ƙarfin kalma. A 1871 maɗaba'ar Pustet ta birnin Regensburg a Jamus ta sake buga wannan yankakken littafi, da izinin Roma na shekara talatin, ana kuma yaɗa cewa aikin Palestrina ne.

Da wannan Solem ta yi kokawa. Joseph Pothier, ɗan zuhudun gidan, ya fitar da nasa littafin a 1883 bisa littattafan hannu. Aka ce ai littattafan hannu ba su yarda da juna ba, kowane gari da nasa. Mocquereau ya ga gardamar baki ba za ta ƙare ba, sai ya ɗauko kyamara. Daga 1889 ya fara buga hotunan littattafan kansu, shafi-shafi, a jerin da ya kira Paléographie musicale. Ya ɗauki waƙa guda, Justus ut palma, ya jera ta daga littattafan hannu sama da 200, na ƙasashe daban-daban da ƙarnuka daban-daban, don kowa ya gani da idonsa cewa kari ɗaya ne, kuma ba shi ne na Regensburg ba. Wannan aikin hoto ya yi wata rana da ba a zata ba: a 1944 bam ya ƙone ɗakin karatu na Chartres, littafin waƙarsu na ƙarni na goma ya lalace, hotunan da Solem ta riga ta buga su ne abin da ake karantawa yau.

Paparoma Pius na Goma ya ba su gaskiya a 1903, ya kafa kwamiti a 1904 don a fitar da bugun Vatican, Pothier ne shugaba. A lokacin ma 'yan Solem suna gudun hijira a tsibirin Wight na Ingila, dokokin Faransa na 1901 sun kore su, sai 1922 suka dawo. A cikin kwamitin Pothier da ɗalibinsa Mocquereau suka raba hanya. Mocquereau ya ce a bi mafi tsufa duk inda aka same shi. Pothier ya ce abin da bakin coci ya saba da shi ɗaruruwan shekaru shi ma gado ne, a duba shi. Roma ta goyi bayan Pothier, Solem ta janye hannunta, littafin waƙoƙin Misa ya fito a 1908. Karin da ke cikin Liber na Baba shi ne wannan, na bugun 1974 ma shi ne, jerin ranaku kawai aka sauya.

A matsayina na mai tsayawa gaban kwaya na fahimci Pothier. Wanda zai ba duniya duka littafi ɗaya dole ya yi tunanin bakin da zai rera. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shafin ba ya gaya maka inda aka yi zaɓi. Ɗab'i yana da wani kwarjini: komai baƙi ɗaya, girma ɗaya, a miƙe. Ɗigon da littattafai ɗari suka yarda da shi da ɗigon da mutum ɗaya ya zaɓa a teburinsa, fuskarsu ɗaya.

Na sayi Triplex da kuɗin da na ware wa tsaraba. Ranar Talata muka koma Paris, muka sauya tasha, awa huɗu zuwa Zurik, awa ɗaya kuma zuwa San Galen. Dusar ƙanƙara ta rufe tuddai, na ganta ta taga na koma kan littafina.

Garin ya samo sunansa daga Gallus, ɗan zuhudun da ya zo tare da masu wa'azi daga Ayalan ya kafa bukkarsa a nan wajen shekarar 612. Da na ji haka na tuna Fadan da ya ba Baba littafi, na ce ashe mutanen tsibirin nan sun daɗe suna yawo da littattafai. An rufe gidan zuhudun a 1805, amma ɗakin karatun yana nan, da littattafan hannu wajen 2,100, kusan 400 daga cikinsu sun girmi shekara ta 1000. A bakin ƙofa ana ba ka wasu manyan silifas na ulu ka zura takalminka a ciki saboda daɓen katako. Bisa ƙofar an rubuta da Girkanci cewa nan ne wurin jinyar rai. Ciki kuwa katako ne mai sheƙi, zane a rufi, littattafai har sama, ga gawar wata Bamisriya ta zamanin Fir'auna a gefe guda. Ban daɗe a kan waɗannan ba. Na nufi akwatunan gilashi.

Juya littattafan da ake nunawa ake yi, don haske yana cin su. A ranar na sami wani buɗaɗɗen littafin waƙa na fata, na sunkuya a kansa har numfashina ya dusashe gilashin. Fatar ta yi ruwan ƙasa-ƙasa, kana ganin ramukan gashi a wani gefen. Kalmomin Latin a jere, a samansu alamun nan sirara kamar sawun kiyashi, ƙanana fiye da yadda na zata. Babu layi ko ɗaya. Babu abin da zai gaya maka daga wace murya za ka fara, ko hawan nan taki ɗaya ne ko huɗu.

Da dare a masauki Fada ya buɗe kwamfutarsa, don an ɗauki hoton littattafan an sa a intanet kyauta. Muka buɗe mai lamba 359, wanda ake kira Cantatorium, an rubuta shi tsakanin 922 da 926. Dogo ne siriri, faɗinsa bai fi tafin hannu da kaɗan ba, an yi masa bango da hauren giwa, don mai waƙa shi kaɗai zai riƙe shi a kan matakala. Muka nemo Universi, wadda muka ji ranar Lahadi. Fada ya ƙara girman hoton har alama ɗaya ta cika allon. A tsakanin alamun akwai ƙananan haruffa: c, wato yi sauri; t, wato riƙe; e, wato murya ɗaya da ta baya; x, wato dakata. Notker, ɗan gidan nan mai i'ina wanda ya rasu a 912, ya bar wasiƙa yana bayyana ma'anarsu. Ina kallonsu na ji kamar muryar wani malamin kwaya ce daga bayan shekara dubu da ɗari, yana cewa yaransa, nan kada ku ja, nan ku jira ni.

Na ce, "Fada, to yaya suke sanin tsawon hawan?"

Ya ce, "Malam, rubuta mini kuka."

Na rubuta a bayan tikitin jirgi. Ya ce, na ido ne ko na miya? Nan take na gane. Mu ma bokonmu ba ya rubuta hawa da saukar murya, ba ya rubuta ja. Gari na zama da gari na tuwo harafi ɗaya ne. Bahaushe ba ya tuntuɓe a kansu saboda maganar tana kunnensa kafin ta zo takarda. Haka mawaƙan San Galen suke. Waƙar tana cikinsu, sun yi shekaru suna hadda a gaban malami. Abin da suke buƙata a fata shi ne abin da ake mantawa: ina za a yi sauri, ina za a tausasa. Bayan shekara ɗari Guido na Arezzo ya zo da layuka, ya yi alfahari cewa abin da ake shekara goma ana koyo yanzu shekara ɗaya ko biyu ta isa. Gaskiya ya faɗa. Sai dai da layi ya zauna, alamun suka yi ta kauri suna zama murabba'i, ƙugiya da kusurwa suka zama abu ɗaya, ƙananan haruffan suka ɓace.

Shi ya sa duk wanda zai buga littafin wannan waƙa dole ya yi haɗi. Tafiyar murya ya ɗauko ta daga San Galen da Laon, waɗanda ba su da layi. Matakin murya ya nemo shi a littattafan da suka zo daga baya, na Benevento a kudancin Italiya, na kudancin Faransa, ko wani na Dijon da ke ajiye a Montpellier, wanda Félix Danjou ya gano a 1847, mai ɗauke da alamu a sama da haruffan murya a ƙasa. Waɗannan kuma ba kullum bakinsu ke zama ɗaya ba. Wanda ya fi yawa shi ne rikicin ti da do, da na mi da fa. Da tafiyar zamani mawaƙa, musamman a ƙasashen Jamusawa, suka riƙa ɗaga ti rabin taki zuwa do, don ya fi daɗin tsayawa. Bugun 1908 ya bi do a wurare da yawa inda Benevento ke da ti. Wani lokaci ɗan harafin e na San Galen shi ke tona asiri: ya ce murya ɗaya ce da ta baya, ɗab'i kuwa ya nuna hawa. Fada ya rera mini layin Zabura a kan do, ya sake rerawa a kan ti. Na farko ya tsaya da ƙafafunsa. Na biyu yana rataye, kamar mai roƙon da bai gama magana ba. Rabin taki ne kawai, amma addu'ar ta sauya fuska. Taron Vatican na biyu ya nemi a yi bugu mai zurfin bincike tun 1963. Wasu masana suka yi shekaru a kai, suka fitar da Graduale Novum a 2011, a Regensburg, kashi na biyu a 2018. Bai maye gurbin na hukuma ba, yana gefensa.

A littafin Hartker, ɗan zuhudun San Galen, mai lamba 390, na wajen shekara ta 1000, akwai hoton da ya haifi maganar da na gada daga Baba: Giregori a zaune, kurciya a kafaɗarsa tana raɗa masa a kunne, magatakarda yana rubuta alamu. Giregori ya yi mulki daga 590 zuwa 604. Littattafan farko masu cikakkun alamu sun zo bayansa da wajen shekara 300, waƙar kuma ta ɗauki siffar da muka sani ne a ƙasar Faransawan farko, zamanin Pepin da ɗansa Charlemagne, lokacin da aka kawo waƙar Roma ta gauraya da ta gida. Na daɗe ina kallon kurciyar. Ina zaton wanda ya zana ta ya san ba haka aka yi ba a zahiri, shi da ke kwafar littafin da hannunsa. Abin da yake faɗa shi ne waƙar nan amana ce. Wannan kam na yarda da shi fiye da kullum.

A jirgin dawowa na buɗe Liber wurin Misar da muka fi yi a gida, ta takwas, de Angelis. A gefen dama sama da kowace waƙa akwai wasu ƙananan lambobin Romawa da ban taɓa tambayar ma'anarsu ba. Ƙarni ne. Kyrie ɗin na ƙarni na 15 zuwa 16 ne, Credo na uku na ƙarni na 17. Waɗanda muke ɗauka su ne tushe, su ne 'yan autan gidan. Littafin ya rubuta wannan ɓaro-ɓaro, ni ne ban karanta ba.

Na iso gida saura kwana goma sha biyu Kirsimeti, hunturu ya sauka, kowa muryarsa a shaƙe. Ranar gwaji na bar sandar a gida. Na gaya musu abin da na gani, na kuma gaya musu cewa maganar da na yi ta faɗa a kan Paparoma Giregori da ƙananan layukan nan ba daidai ba ce, su yafe mini. Aka yi tsit. Wata dattijuwa 'yar Zumuntar Mata, wadda ta rera a gaban Babana kafin ta rera a gabana, ta gyara mayafinta ta ce, "To Malam, ran Kirsimeti wanne za mu yi?"

Na ce, "Mama, karin yana nan yadda kika san shi. Wuri ɗaya za mu taɓa yau."

Na buɗe Triplex a Puer natus est nobis. A kan kalmar est akwai ɗigo uku a jere, duka a kan do. Mun saba haɗe su mu ja murya ɗaya doguwa mai ƙirge uku. Na zagaya da littafin benci-benci, wani yaro yana haska mini da fitilar waya, na nuna musu jan rubutun: 'yan waƙafi uku, kowane a ware, alƙalami ya sauka sau uku ya tashi sau uku. Na rera musu, murya ɗaya ana taɓa ta sau uku a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin da jariri ke barci. Karo na farko maza suka buga ta da ƙarfi kamar guduma. Karo na biyu rabi suka koma tsohuwar hanya. Mama ta ɗaga hannu ta ce a bari mata su gwada su kaɗai. Suka gwada, ta fito. Na ce maza su shigo a kan nobis, mu ɗauko daga farko.